Shin a bar wa na'ura bitar kod gaba ɗaya?

"Assalamu alaikum Malam. Mu kusan ashirin ne, matasa masu koyon rubuta manhaja, kuma muna gina wani aiki tare. Mun yi ƙa'ida cewa duk wanda ya rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, sai wani ya duba masa kafin a haɗa shi da babban aikin. Matsalar ita ce mutum uku ne kaɗai suka ƙware a cikinmu, kuma duk suna da wuraren aikinsu. Sai ka tura gyara ka yi mako kana jira, in an tashi dubawa kuma a yi ta yi maka faɗa a kan tazarar layi da sunan da ka sa wa abu. Ni kuwa in na ba manhajar ƙirƙirarriyar basira kod ɗina, cikin minti ɗaya ta gama yi mini sharhi, ba gori ba tsawa. Shi ne na kawo shawarar mu daina jiran mutane, mu bar wa na'ura aikin gaba ɗaya. Wasu sun yarda, wasu sun ƙi. Mene ne ra'ayinka?"

Wa alaikumus salam ƙanena. In na fahimce ka daidai, abu biyu ka ɗaure da igiya ɗaya. Na farko, ko na'ura ta iya duba kod. Na biyu, ko iyawar tata ta isa a ce mutum ya tsame hannunsa. A ƙarƙashinsu kuma akwai koke, kuma koken naka gaskiya ne. Mako guda ana jira yana kashe gwiwa, har mutum ya manta dalilin da ya sa ya rubuta abin da ya rubuta. Ƙwararre kuma ya ɓata rabin awa yana jayayya a kan tazarar layi, wannan asara ce gare shi da kai baki ɗaya.

Ra'ayina shi ne ku ɗora wa na'ura aiki fiye da wanda kuke ɗora mata yanzu, nesa ba kusa ba, amma sa hannun ƙarshe ya zauna a wurin mutum. Na shafe fiye da shekara goma ina rubuta manhaja ina kuma duba ta wasu, kuma kullum ina amfani da waɗannan kayan aiki, saboda haka ba ƙyamarsu ce ta sa na faɗi haka ba.

Tare suka taso

Mutane da yawa suna ɗauka wannan takara tsakanin mutum da na'ura sabuwa ce, alhali ta kusa shekara 50. A 1976 wani injiniyan kamfanin IBM, Michael Fagan, ya wallafa tsarin da suke bi: a tara mutane kaɗan a ɗaki ɗaya, kowa da rawar da zai taka, a bi kod layi bayan layi, a rubuta duk kuskuren da aka gani. Shekara biyu bayan haka, a 1978, Stephen Johnson na cibiyar Bell Labs a Amurka ya fito da wata ƙaramar manhaja mai suna lint, wadda take karanta kod na harshen C, ɗaya daga harsunan rubuta manhaja, ta nuna wuraren da take zargi. Sunan ma daga burbushin zaren da ke maƙalewa a jikin tufa aka samo shi. Ka ga ke nan bitar mutum da bitar na'ura tare suka taso, kuma duk lokacin da na'urar ta ƙara wayo, abin da ke faruwa shi ne mutum ya sakar mata wani yanki na aikin ya koma kan wanda ya fi wuya. Da GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod su yi aiki tare, ya zo a 2008 sai bitar ta bar ɗakin taro ta koma irin wadda kuke yi yanzu, kowa ya tura gyaransa wani ya duba daga inda yake.

Inda na'ura ta fi mu

Kalmar "na'ura" tana rufe abubuwan da ba ɗaya suke ba, kuma rashin bambance su ne ke rikita muhawara irin taku. Akwai masu daidaita fasalin rubutu kawai, kamar Black a harshen Python, Prettier a JavaScript, da gofmt a harshen Go. Waɗannan ba sa tunani, ƙa'ida suke bi, kuma ko sau dubu ka ba su kod ɗaya amsa ɗaya za su ba ka. Faɗan tazarar layi da ka ambata, ranar da kuka ɗora ɗaya daga cikinsu ya mutu. Babu wani dalili a yau da zai sa ɗan Adam ya buɗe baki a kan wannan.

Sai masu binciken kurakurai da gwaje-gwajen da ke tashi da kansu duk lokacin da aka turo gyara. A nan ma na'ura ta yi mana nisa, domin idon mutum yana gajiya. A watan Fabrairun 2014 kamfanin Apple ya fitar da gyaran gaggawa saboda layi ɗaya tak, "goto fail", da aka maimaita sau biyu a jere a cikin kod ɗin da ke tantance amincin shafukan intanet. Maimaicin ya sa ana tsallake wani muhimmin mataki na tantancewa. Ido yana iya wucewa ta kan layin sau goma bai tsaya ba, amma mai binciken da aka saita ya nemi kod ɗin da ba a taɓa isa gare shi ba zai daga tuta nan take. Bayan wata biyu aka bankaɗo wani rami da aka raɗa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da shafukan intanet da yawa ke kare bayanansu da ita: an manta a auna tsawon saƙon da aka turo kafin a mayar da amsa, sai sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta riƙa zubo abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, har da kalmomin sirri. Mutum ya duba wannan kod kafin a karɓe shi a ƙarshen 2011, bai ga ramin ba, aka yi shekara biyu ana tafiya a kansa. Duk wanda ya ce maka bitar mutum ba ta kuskure, bai daɗe a sana'ar ba.

Na uku su ne waɗanda kake magana a kai, manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Copilot. Su kam wani jinsi ne daban. Asalin aikinsu hasashen abin da ya fi dacewa ya biyo baya ne, bisa ɗimbin rubutun da aka horar da su da shi. Shi ya sa za ka ba su kod ɗaya sau biyu su ba ka sharhi iri biyu. Suna kama abubuwa na gaske, ni shaida ne: ƙofar da aka bari a buɗe ga mai kutse, wurin da aka manta cewa amsa tana iya dawowa ba komai a cikinta. Amma muryar da suke faɗin gaskiya da ita, da ita suke faɗin kuskure, ba ɗar ba inda-inda. In ka matsa musu kuma, sau da yawa sai su ba ka haƙuri su koma bayanka ko da kai ne ba ka da gaskiya. Ƙwararre yana iya tace wannan. Mai koyo, wanda shi ne ya fi bukatar bitar, shi ne ya fi kasa tacewa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Bari in nuna maka abin da na gani da idona. Wata yarinya mai hazaƙa da nake koya wa aiki ta rubuta shafin rajista na wata ƙungiyar adashi ta 'yan kasuwa. Kod ɗin tsaf, gwaje-gwaje duk sun yi kore, alamar sun wuce, mai binciken kurakurai bai ce uffan ba. Ta kuma ba manhajar basira ta duba, ta yaba mata, ta ba ta shawarar ta raba wani dogon ɓangare gida biyu, shawara mai kyau kuwa. Da ya zo hannuna sai idona ya tsaya a kan layin da ke tantance suna. Layin yana cewa kada a karɓi komai sai haruffan a zuwa z da tazara. Na kira ta na ce ta rubuta sunan mahaifiyarta a akwatin. Ta rubuta Sa'adatu, ta danna, jan rubutu ya fito yana cewa sunan ba daidai ba ne. Ta yi shiru tana kallon allon. Na ce ta gwada Ɗanjuma, ta gwada Rabi'u, ta gwada Mu'azu. Duk aka kore su. Da an saki wannan shafi, da babban kaso na masu adashin ba su iya shiga da sunan da aka raɗa musu ba.

Ƙasa kaɗan kuma ta ajiye lambar asusun banki a matsayin adadi, irin wanda ake lissafi da shi. Lambar asusu a Najeriya guda 10 ce, kuma da yawa da sifiri suke farawa. Adadi ba ya riƙe sifirin farko, sai lambar ta koma guda tara, kuɗi ya ƙi tafiya ranar kwasa. Haka lambar waya mai farawa da 080 za ta yi.

Adalci shi ne in faɗa maka cewa da ta tambayi manhajar kai tsaye ko wannan layi zai karɓi sunayen Hausawa, da ta ba ta amsa daidai. Matsalar ita ce sai ka san akwai tambayar kafin ka yi ta. Na'ura tana auna kod da abin da aka nuna mata. Mai bita yana auna shi da mutanen da za su yi amfani da shi, da alƙawarin da aka yi wa mai aikin, da abin da ya fashe bara wanda ba a rubuta a ko'ina ba. Tambayar da ta fi kowace tsada a bita ita ce ko ma ya kamata a rubuta wannan kod tun farko, kuma ban cika ganin na'ura ta yi ta ba sai an roƙe ta.

Abin da ya fi muhimmanci a labarin nan shi ne abin da ya biyo baya. Bayan wata biyu wani sabon yaro ya turo gyara mai irin wannan layi, kuma ita ce ta kama shi kafin ya iso gare ni.

A 2013 wasu masu bincike biyu, Alberto Bacchelli da Christian Bird, sun zauna da injiniyoyin Microsoft suna nazarin yadda suke bita. Da aka tambayi mutane dalilin yin ta, yawanci suka ce don a kama kurakurai. Da aka ƙirga sharhin da suke rubutawa a zahiri, sai aka ga kashi 14 cikin 100 ne kawai ya shafi kurakurai. Sauran gyaran tsari ne, da neman fahimta, da nuna wa juna wata hanya. Wato bita makaranta ce da ba a sa mata suna makaranta ba. Ku kuma da bakinka ka ce masu koyo ne. In kuka cire mutum daga ciki, kod ɗinku zai iya yin tsabta, amma bayan shekara biyu ƙwararrun nan uku ne dai za su kasance, in ma ba su tafi ba.

Wa zai amsa in abu ya fashe?

Akwai kuma batun amana. A aikin Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da ɗimbin kwamfutoci, tun 2004 duk gyaran da za a karɓa sai ya zo da layin sa hannu mai ɗauke da sunan wanda ya turo shi, kuma wanda ya duba shi ma akan rubuta sunansa. Wannan suna yana nufin akwai wanda za a je wurinsa a ce, me ya sa ka yarda da wannan? Sanin za a tambaye ka yana canza yadda kake karatu. Manhaja ba ta da sunan da zai ɓaci, ba za a tashe ta da tsakar dare ba in kuɗin mutane ya maƙale.

Labarin xz na 2024 ya kamata kowane mai koyo ya san shi. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, amma tana cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗauke da ita a matsayin aikin sa kai har ya gaji. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana turo gyare-gyare masu kyau har aka ba shi ragama, sannan ya dasa ƙofar baya a ɓoye, wato hanyar sirri ta kutsawa cikin kwamfutocin mutane. Wanda ya gano abin, Andres Freund, injiniya ne da ya lura shiga wata na'urarsa ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi kawar da kai, ya bi diddigi har ya tono ta. Labarin yana da kaifi biyu. Mutum aka yaudara, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya buɗe ƙofar yaudarar shi ne ƙarancin mutanen da suka san aikin, kuma abin da ya rufe ta shi ne mutum guda da wani abu ya tsaya masa a rai. Darasin da na ɗauka shi ne a yawaita masu iya bita, kuma ba a samun su sai ta hanyar yin bitar.

Sannan sharhi mai arha yana da nasa tsadar. Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin da ke jagorantar manhajar curl, wadda ake aikawa da karɓar bayanai ta intanet da ita, ya koka a farkon 2024 cewa ana turo musu rahotannin raunin tsaro da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, masu kyan gani, masu kama da gaskiya, sai an ɓata awanni ana bincike a tarar babu komai. Shi ɗin dai a 2025 ya yaba wa wani mai bincike da ya yi amfani da irin waɗannan kayan aiki ya gano kurakurai na gaske masu yawa a curl, aka kuma gyara su. Bambancin shi ne na biyun ya zauna ya tace abin da na'urar ta ba shi kafin ya turo. A Google ma ƙa'idarsu ita ce duk mai binciken da zai riƙa yin magana a lokacin bita, ƙararrawar banza da yake bugawa kada ta kai kashi 10 cikin 100, domin sun lura in ta yi yawa mutane sukan daina sauraro gaba ɗaya, har ranar da za ta faɗi gaskiya.

Da ni ne a cikinku

Zan fara da ɗora mai daidaita rubutu da mai binciken kurakurai da gwaje-gwaje, a saita su su tashi da kansu, kuma a yi doka cewa mutum ba zai kalli gyara ba sai sun wuce. Wannan aikin yini ɗaya ne, kuma kyauta ne a GitHub ga aikin da kod ɗinsa yake a buɗe ga kowa. Manhajar basira kuma a mayar da ita mai karatun farko, amma a hannun marubucin: kai za ka ba ta kod ɗinka kafin ka turo, ka karɓi abin da ka gamsu da shi, ka watsar da sauran. Sharaɗin shi ne duk layin da ka turo, ko kai ka rubuta ko ita ta ba ka, za ka iya bayyana shi da bakinka in an tambaye ka. Wanda ya ce "haka ta ba ni" a mayar masa da gyaransa. Ku kuma kiyaye abin da kuke liƙa mata. Mabuɗan sirri da bayanan mutane na gaske ba sa shiga can, balle yanzu da Najeriya take da dokar kare bayanai ta 2023.

Jiran mako guda kuwa, ina zargin rabinsa daga girman gyaran ne. In aka turo mini layi dubu biyu, sai in ce sai na samu sarari, sararin kuma ba ya zuwa. In layi ɗari ne, ina shan shayi zan gama. Wani nazari da aka yi a kamfanin Cisco a 2006 ya nuna mai bita ya fi kama kuskure in abin da ke gabansa bai wuce layi 200 zuwa 400 ba, daga nan ido ya fara zamewa. Ku yanka aikinku ƙanana, kuma kowane gyara ya zo da jimla biyu ko uku da ke cewa me aka canza kuma don me.

Babban gyaran shi ne ku daina ɗauka cewa ƙwararre ne kaɗai ke bita. Ku goma sha bakwai ɗin nan ku riƙa duba na juna. Mai koyo da ya rubuta "ban gane abin da wannan layi yake yi ba" ya yi bita mai amfani, domin sau da yawa rashin ganewar tasa laifin kod ɗin ne. Laifi tudu ne, kuma a wannan sana'a hango na wani shi ne hanya mafi sauri ta gane naka. Sai a keɓe wa manyan uku abin da ya taɓa kuɗi, kalmar sirri, bayanan mutane, da duk canjin da zai taɓa ginshiƙin aikin. Ku sa wa'adin kwana biyu: ko a duba, ko a ce ba a samu dama ba a miƙa wa wani. Google kwana ɗaya na aiki suka sa wa kansu, amma su albashi ake biyansu, ku sa kai kuke yi.

Maganar gori kuma ku zauna ku faɗe ta a fili, cikin ladabi, domin manyan naku wataƙila ba su san zafin da take yi ba. Da yawanmu haka aka koya mana, da tsawa, sai muka ɗauka haka ake yi. Sharhi ya tsaya a kan kod, ya zo da dalili, kuma a bambance abin da dole a gyara da abin da ra'ayi ne kawai. Ni idan ra'ayi ne nakan rubuta a gaba cewa wannan ba dole ba ne, kuma na ga yadda wannan 'yar jimla take sauke wa yara nauyi.

Shawarar nan tawa daga ƙananan ƙungiyoyi ta fito, masu gina shafuka da manhajojin biyan kuɗi, inda kowa ya san kowa. Kamfani mai injiniyoyi dubbai yana da lissafinsa daban, akwai canje-canjen da suke bari na'ura ta wuce da su ba tare da mutum ba, kamar sabunta lambar sigar wani ƙunshin kod da aka aro daga waje bayan gwaje-gwaje sun wuce, kuma ku ma in gwaje-gwajenku suka yi ƙarfi kuna iya kaiwa nan. Wanda kuma yake koyo shi kaɗai a garinsu, ba shi da kowa, ya riƙe manhajar basira da hannu biyu, ta fi babu nesa. Kayan nan kuma suna ƙara ƙarfi kowace shekara, don haka iyakar da na shata yau a sake duba ta baɗi.

Ka koma wurin 'yan'uwanka da wannan tayin maimakon na farko: ku gwada tsarin na wata uku, ku riƙa rubuta kwana nawa kowane gyara ya yi yana jira, da abin da na'ura ta kama, da abin da mutum ya kama bayan ta ce komai lafiya. Kai ma ka ɗauki gyaran wani a makon nan ka duba masa, ko da tambaya ɗaya ce za ka iya yi. Allah Ya yi wa aikin naku albarka.